Daga gidan gem na Tokiyo zuwa ɗakinka: yadda ake fara tara wasannin ƙwandala na Japan

Duk wanda sha'awar wannan harka ta kama, abin da ke fara shiga ransa shi ne akwatin: farin nan mai ƙaton gilashi, da sanda mai kan ƙwallo, da maɓallai shida, da 'yar kujera a gabansa. Ni ma da shi na fara mafarki, kuma da aljihuna ya kai a lokacin, da na tafka asara. Akwatin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka saya. Dalilin yana cikin yadda Japanawa suka tsara sana'ar tun asali, saboda haka bari mu leƙa can kafin mu taɓa ko waya ɗaya.

Abin da kake son kawowa gida

A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira. Wasan ya karɓu har shagunan shan kofi suka riƙa kwashe teburansu suna sa waɗanda aka dasa wa gilashin wasa a tsakiya, mutum yana kurɓar kofinsa yana harbi. Kuɗin wasa ɗaya ƙwandalar yen 100 ce. Namco ta biyo da Pac-Man a 1980, sannan a 1991 Capcom ta saki Street Fighter II, wanda ya sauya zaman gidajen gem baki ɗaya. Aka riƙa jera akwati biyu baya da baya, kai kana nan, abokin karawarka yana can, ba ka ganin fuskarsa. Kana cikin wasanka sai wani baƙo ya jefa ƙwandala ta ɗaya gefen ya faɗo maka. Suna kiran wannan rannyu, wato kutse, kuma ba rashin kunya ba ne, haka ake yi. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka kayar ya tashi. Abin da suke ɗauka rashin ta ido shi ne mutum ya yi ta zuba ƙwandala bayan an kashe shi alhali ga wasu a layi. Gwani a wurinsu shi ne mai gama wasa tun daga farko har ƙarshe da ƙwandala ɗaya tak, kuma mujallar Gamest, wadda ta yi zamani daga 1986 zuwa 1999, tana buga makin gwanaye daga shaguna a faɗin ƙasar.

Na san wani zai ce, wannan ba caca ba ce? Ba ita ba ce. Ba a cin kuɗi a waɗannan injina, ƙwandalar kuɗin haya ce ta 'yan mintoci, kamar yadda yaro ke biyan mai shagon PlayStation a unguwa. Gidajen pachinko, masu injinan da ake caca da su, wani sha'ani ne dabam. Tun 1985 doka ta sa gidajen gem ƙarƙashin kulawar 'yan sanda: galibi ana rufewa da sha biyun dare, kuma wanda bai kai shekara 18 ba ba ya shiga bayan goma.

Sana'ar ta ja baya ƙwarai. Alƙaluman 'yan sandan Japan sun nuna gidajen gem sama da 26,000 a 1986, amma zuwa 2019 saura kusan 4,000. Harajin saye ya hau zuwa kashi 8 cikin ɗari a 2014, ya kai kashi 10 a 2019, ita kuwa ƙwandalar tana nan a yen 100, don ramin injin ba ya karɓar canji. Korona ta zo ta ƙarasa wasu. Sega da kanta ta sayar da gidajenta ga kamfanin Genda tsakanin 2020 da 2022, aka sauya musu suna zuwa GiGO. Waɗanda suka rage sun fi samun kuɗi daga injinan kamo 'yar tsana, ko da yake irin su Mikado a unguwar Takadanobaba da HEY a unguwar Akihabara, duka a Tokiyo, suna nan riƙe da tsofaffin wasanni. Kayan shagunan da suka rufe su ne ke yawo a hannun masu tarawa yau.

Ga inda zancen ya shafe ka. Mai shago a Japan ba ya sayen sabon akwati duk lokacin da sabon wasa ya fito. Akwatin nasa ne na dindindin. Abin da yake canzawa shi ne fanel ɗin da ke ciki, wanda shi ne ainihin wasan. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera injinan, JAMMA, ta tsayar da baki iri ɗaya ga kowane fanel: haƙora 56, 28 a kowace fuska, ta nan wuta ke shiga, ta nan hoto da sauti ke fita, ta nan sanda da maɓallai ke magana. Ka zare wannan ka cusa wancan, shi ke nan. To idan wasan yana cikin fanel, kai ma da fanel za ka fara.

Mataki na farko: kama gida ɗaya

Kada ka ce sai ka tara komai. Ga mai farawa, shawarata ita ce Neo Geo MVS na kamfanin SNK, wanda ya fito a 1990 aka kuma ci gaba da yi masa wasanni har 2004. Uwar fanel ɗaya kake saye, wasannin kuma kaset-kaset ne da ake cusawa, kusan 150: su Metal Slug, The King of Fighters, Samurai Shodown. An buga su da yawa, saboda haka waɗanda suka yi tashe ba su da tsadar tashin hankali, kuma suna da juriya. Nemi mai ramin kaset ɗaya, irin MV-1FZ ko MV-1C. Masu rami 2, 4 ko 6 sun fi girma, sun fi saurin ba da matsala, kuma jeren haƙoransu ya ɗan saɓa wa na JAMMA. Ka lura akwai wani Neo Geo na gida mai suna AES. Wasan ɗaya ne, amma kaset ɗinsu ba ya shiga na juna, kuma na AES ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Na biyu a layi shi ne CPS-2 na Capcom, na 1993, gidan Super Street Fighter II da Marvel vs. Capcom. Yana da kyau, amma yana da wani sharri da za mu zo kansa. Wasannin da suka riga JAMMA, irin su Pac-Man, kowanne da nasa jeren haƙora, sai da adafta. Wasannin harbi na kamfanin Cave, irin DoDonPachi na 1997, a bar wa masu hannu da shuni tukuna. Sababbin wasannin yau kuwa yawancinsu ba sa tashi sai sun haɗu da kwamfutar kamfaninsu ta intanet, ko ka saya ƙarfe ka ajiye.

Mataki na biyu: wuta

A nan zan daɗe, don a nan na ƙone. Wutar gida a Japan bolt 100 ce. Tamu ta Najeriya 230, ta Nijar 220, in ta ga dama ta zo. Kayana na farko sun iso da 'yar na'urar ba da wuta ta Japan mai filogi siriri. Zumuɗi ya hana ni karanta rubutun da ke jikinta. Na lalubo adafta na cusa a bango. Fau! Sai wani siririn hayaƙi mai warin ƙonannen roba. Da na kai wa mai gyaran rediyon layinmu ya kwance, fiyus ya yi baƙi, wata kafasita ta kumbura kamar ƙosai. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba irin tuwonmu take ci ba." Allah ya taimake ni ban riga na jona fanel ɗin ba.

Shi fanel ba ruwansa da wutar bango. Abin da yake so bolt 5 ne na ainihin aiki, bolt 12 na sauti, wasu tsofaffi kuma suna ƙara neman bolt 5 na ƙasa da sifili. Saboda haka sayi na'urar ba da wuta ta injinan gem wadda ke karɓar 220, ko mai maɓallin zaɓi tsakanin 110 da 220, ka tabbata ka tura maɓallin inda ya dace kafin komai. A jikinta akwai wani ɗan abin murɗawa na daidaita bolt 5. Mallaki mita, irin ta masu gyara, ko mai araha ce. Ana aunawa ne a bakin fanel ɗin yana kunne, ba a jikin na'urar ba, domin wuta tana raguwa a hanya. Haƙori na 1 da na 2 su ne ƙasa, wato inda baƙar wayar mita za ta taɓa, na 3 da na 4 su ne bolt 5. Abin da kake nema 5.0 zuwa 5.1. In ta yi ƙasa wasan zai riƙa sake kansa ko hoto ya wargaje. In ta haura sosai, kana dafa kayan da aka daina ƙerawa shekaru talatin da suka wuce. Kuma duk sanda ka canza fanel, sake aunawa, don kowanne da yawan cinsa.

Kada ka jona kai tsaye da ƙaramin janareta. Sitabilaiza ko inbata mai tsabtatacciyar wuta, in kuwa aka ɗauke wuta, zare filogi kafin a dawo da ita.

Mataki na uku: abin da zai tsaya a madadin akwati

Akwai wata 'yar na'ura da masu harkar ke kira supergun. Duk aikin akwati take yi ba tare da jikin akwatin ba: tana da bakin JAMMA, wurin shigar wuta, wurin jona sanda, maɓallin da ke yi wa wasan ƙaryar an jefa ƙwandala, da mafitar hoto da sauti. Kada ka yi rowa a nan. Hoton da ke fitowa daga fanel ya fi ƙarfin abin da talabijin ta saba karɓa, sautin ma an riga an ƙara masa ƙarfi don ya tafi lasifika kai tsaye. Mai kyau tana rage duka biyun. Ta banza tana iya kashe maka talabijin ko amfilifaya.

Sai gilashin kallo, kuma a nan muna da wata sa'a da Amurkawa ba su da ita. Waɗannan wasanni an yi su ne don tsohuwar talabijin mai doro, suna fitar da hoto launi uku a rarrabe, ja da kore da shuɗi. Tsofaffin talabijin na Turai suna da wani faffaɗan rami a baya mai haƙora 21, SCART, wanda ke karɓar wannan hoto yadda yake. Irinsu ne suka cika kasuwanninmu cikin kayan gwanjo na Turai, yanzu kuma mutane sun koma sirara suna neman kai da su. Zagaya wurin masu gyaran talabijin ka tambaya. Sony Trinitron ko Philips mai inci 21 ta wadatar. Tafi da kayanka ka gwada a wurin, domin wani ramin SCART ɗin ba ya karɓar launi uku, wata talabijin ɗin kuma ba ta jure hoto mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. In dole sai talabijin ta zamani, za ka buƙaci na'urar juya hoto irin OSSC ko RetroTINK. 'Yan ƙananan adaftocin kasuwa masu arha suna kawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasan, wanda a wasan faɗa shi ne bambancin ci da faɗuwa.

Sanda da maɓallai ba su da dogon bayani. Kamfanoni biyu ne suka riƙe gidajen gem na Japan, Sanwa da Seimitsu. Masu wasan faɗa sun fi son sandar Sanwa JLF, masu wasan harbi sun fi karkata ga Seimitsu LS-32. Maɓallan milimita 30 ne. Har yau ana ƙera su, ka sayi sababbi, kafinta ya yi maka ɗan akwatin katako. Abu ɗaya: JAMMA maɓalli uku ta tanada wa kowane ɗan wasa. Neo Geo yana da na huɗu, wasannin faɗa na Capcom kuma shida, ukun shuri suna bi ta wata waya dabam da ake jonawa a jikin fanel. Tambayi mai sayarwa ko tana ciki.

Mataki na huɗu: saye

Babbar kasuwar ita ce gwanjon Yahoo na Japan, sai shagunan Akihabara irin BEEP. Masu sayarwa a gwanjon ba sa aikawa waje, saboda haka ana bi ta kamfanonin dillanci irin Buyee ko ZenMarket: su saya da sunanka, su karɓa a ma'ajiyarsu, su haɗa su aiko. Kalmomi uku za su yi maka amfani. 基板 shi ne fanel. 動作確認済み na nufin an gwada yana aiki. ジャンク kuwa na nufin yadda ka gan shi haka za ka ɗauka, in ya mutu kai ka jiyo. Mai farawa ya guji na ukun komai arharsa.

Ƙura wa hotunan ido. Kana neman kore ko farin gari a kusa da batir, wayoyin da aka ɗinka da dalma a bayan fanel, da haƙoran da suka cinye. Jabu ma sun yi yawa tun zamanin da, musamman na Street Fighter II da kaset-kaset na Neo Geo. Na asali yana ɗauke da sunan kamfanin a buge a jikin fanel ɗin. Idan mai kaset ya ƙi nuna cikinsa alhali kuɗin da ya sa mai yawa ne, wuce. Akwai kuma kaset ɗin nan na China mai wasa 161 a ciki ɗaya. Ba zan ce kada ka saya ba, amma ba tarawa ba ce, kuma wasu wasannin cikinsa ba sa tafiya daidai.

Kafin ka taya, haɗa lissafi duka: kuɗin kaya, ladan dillali, jigila cikin Japan, jigila zuwa nan, da kwastan. Sau da yawa kuɗin hanya ya fi na kayan. Tara abu uku ko huɗu a aiko su tare ya fi sauƙi. Ka kuma tambaya tun da wuri ko kamfanin jigilar yana ɗaukar kaya mai batirin lithium, don wasu ba sa karɓa.

Mataki na biyar: ranar da kaya suka iso

Kada ka kunna nan take. Taɓa wani ƙarfe ka sauke wutar jikinka, musamman da hunturu lokacin da ko gaisawa aka yi sai an ji tsat. Riƙe fanel ta gefe-gefe. Duba ko wani abu ya karye ko ya zame a hanya. Goge haƙoran da auduga da sifirit irin na masu gyaran waya. Ɗora shi kan katako ko kwali, ba kan ƙarfe ko darduma ba. Sannan duba fuskar bakin JAMMA da kyau: a gurbi na 7 akwai tsaga da ke hana a cusa shi a juye, amma wasu bakunan ba su da abin tarewar, kuma cusawa a juye tana tura wuta inda ba ta da hurumi. Ni na sa jan fenti a gefen haƙori na 1 na kowane abu da na mallaka. Kunna, auna bolt 5, sai ka shiga shafin gwaji na wasan ka danna kowane maɓalli ka ga ya amsa. Ba a cusa kaset ko zare shi wuta tana kunne.

Mataki na shida: batir, maƙiyin ɓoye

Tsofaffin fanel na Neo Geo suna da ɗan batir mai caji da ke riƙe agogo da lissafin ƙwandala. In ya tsufa yana yoyo, ruwan ya cinye siraran hanyoyin tagullar da ke kewaye da shi. Cire shi ranar farko. Wasan zai tashi ba tare da shi ba, in ka so daga baya a sa maka gurbin batir mai kamar ƙwandala, a kuma yanke hanyar cajin.

Na CPS-2 kuwa da gangan aka yi shi. Don maganin masu jabu, Capcom ta rufe wasan da wani mabuɗin sirri ta ajiye mabuɗin a ƙwaƙwalwar da batir ke raya ta. Ranar da batirin ya mutu, mabuɗin ya ɓace, wasan ya mutu. Shekara da shekaru haka masu tarawa suka zauna cikin fargaba, sai a 2016 Eduardo Cruz da abokan aikinsa suka gano yadda ake sake rubuta mabuɗin. Yanzu har akwai ɗan ƙaramin fanel mai suna InfiniKey da ake liƙawa da dalma, ya riƙa zuba mabuɗin duk sanda aka kunna, a jefar da batir gaba ɗaya. Idan za ka sayi CPS-2, nemi wanda aka riga aka yi wa wannan aiki. Lura kuma da launin murfin, don shi ke nuna ƙasar da aka yi wa: kore na Japan, shuɗi na Amurka da Turai, ruwan toka na sauran Asiya. Kore da shuɗi suna hawa uwar fanel iri ɗaya, ruwan toka sai tasa.

Ajiya: kowane fanel cikin ledar da ke hana tartsatsin wuta, a kwali, a tsaye kamar littattafai, nesa da ƙasa inda damina ba za ta kai ba. Ƙurar hunturu a hure ta da iska. Ɓera yana son wayoyi, kyankyaso yana son ɗumi.

Sai akwatin

In ka shekara kana wasa a kan tebur kuma har yanzu ranka yana wurin akwatin, to ka cancance shi. Sanannun su ne Astro City na Sega, na 1993, mai gilashi inci 29; Blast City na 1996, wanda gilashinsa ke karɓar tsofaffin wasanni da waɗanda suka biyo baya irin na fanel ɗin Naomi na Sega; da Egret II na Taito, shi ma na 1996, wanda aka yi wa wata dabara ta juya gilashin a tsaye ba tare da an sauke shi ba, abin da masu wasan harbi ke mutuwa a kai. Kowannensu yana kusan kilo 100, ba kayan jirgin sama ba ne, sai dai ka samu mai kwantena ya raɓa maka. Auna faɗin ƙofar ɗakinka kafin ka biya.

Abin da ke sa akwati ya yi daraja ko ya zama kaya shi ne gilashin. Nemi hotonsa a kunne da kuma a kashe. In kana ganin inuwar rubutun wani wasa a kashe, ya ƙone ke nan, ba ya gyaruwa. Tabon sigari a kan faifan maɓallai da warin taba ba komai ba ne, shekaru aka yi ana busa musu hayaƙi, sabulu da haƙuri suna fitar da su. Akwatin dai wutar bolt 100 yake ci, saboda haka sai taransifomar rage wuta, aƙalla mai wat 500 don yana fizgar wuta lokacin tashi. Yawancin na kasuwarmu 110 suke bayarwa. In ka samu mai 100 cif, shi ya fi. Bayan gilashin kuwa kada ka sa hannu. Akwai wuta ta dubban bolt a wurin, sama da dubu ashirin, kuma tana iya zama a ciki bayan an kashe. Wannan aikin tsohon mai gyaran talabijin ne, irin wanda ya yi zamani da masu doro. In akwai shi a unguwarku, riƙe shi da kyau, ka riƙa kai masa goro, don yaran yanzu ba su koyi wannan ba.

Ka roƙi mai sayarwa ya haɗo da makullan ƙofar gaba da na asusun kuɗi, in ba haka ba sai an fasa. A shafin gwaji akwai zaɓin wasa kyauta, amma ni ban kunna shi ba. Ramin ƙwandalar an saita shi ne a kan yen 100, sai na sa aka sako mini guda ashirin a cikin kwalin. Suna cikin wani gwangwanin madara a kan akwatin. Duk wanda ya zo, ko ƙanena ne ko maƙwabci, guda uku nake ƙirga masa a tafin hannu, in sun ƙare ya tashi ya ba na bayansa kujera.